Ƙauyen Tarihin 'Yan Yukren da ke Kanada: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da Rasha ta mamaye Yukren a watan Fabrairun 2022 sunan ƙasar ya zauna a bakin kowa, amma yawancinmu ba mu san ƙasar da komai ba sai rusassun gidaje da hayaƙi. Ni kuwa a birnin Edmonton na lardin Alberta nake zaune, inda da wuya ka yi yini guda ba ka yi hulɗa da wani mai sunan mutanen Yukren ba. Duk baƙon da ya zo mini daga gida a lokacin zafi, akwai wurin da nake kai shi a gabas da gari. Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi mini a kansa, wasu a cikin mota, wasu bayan an dawo.

Wane wuri ne wannan, kuma a ina yake?

Sunansa Ukrainian Cultural Heritage Village, wato ƙauyen adana al'adun gargajiya na mutanen Yukren. Yana da nisan kilomita 50 gabas da Edmonton, a bakin babbar hanya mai lamba 16, dab da gandun dajin Elk Island. Gidan tarihi ne, sai dai ba irin wanda ake shiga ɗaki a leƙa kaya ta bayan gilashi ba. Fili ne mai faɗi da aka tara tsofaffin gine-gine sama da 30 a cikinsa: gidajen manoma, majami'u, makaranta mai aji ɗaya, kantuna, maƙera, otal, tashar jirgin ƙasa da rumbun hatsi. An raba shi kashi uku, gonaki da ƙauye da kuma ɗan ƙaramin gari na bakin layin dogo. Zamanin da yake nunawa ya fara daga shekarun 1890 ya tsaya a 1930.

Su wa suka kafa shi?

Jikokin baƙin ne da kansu. A 1971 wata ƙungiya ƙarƙashin jagorancin Frank Lakusta ta fara aikin, ganin yadda gidajen kakanninsu ke ruɓewa a gonaki, wasu ma ana cinna musu wuta don a samu filin noma. A 1975 gwamnatin lardin Alberta ta saye wurin, kuma ita ke tafiyar da shi har yau.

Me ya raba manoman Yukren da ƙasarsu har suka zo nan?

Ƙarancin gona. Waɗanda suka fara zuwa ba daga Kyiv ko gabashin ƙasar suka fito ba. Daga yankunan Galisiya da Bukobina ne na yamma, waɗanda a lokacin suke ƙarƙashin daular Ostiriya. An soke bautar gandu a can a 1848, manomi ya samu 'yancin kansa, amma manyan gonaki da dazuzzuka da makiyaya suka zauna a hannun masu ƙasa. 'Yar gonar da uba ya mallaka, in ya mutu a raba wa 'ya'ya, su ma in sun mutu a sake rabawa, har ta koma gayaunar da ba ta ciyar da gida. Itacen girki ma sai an saya ko an biya da aikin ƙarfi.

Ana cikin haka labari ya iso cewa Kanada na ba da eka 160, kimanin hekta 65, ga duk magidancin da ya biya dala 10 ta rajista, ya gina wurin zama, ya sare wani sashe ya noma cikin shekara uku. Ga mutumin da bai taɓa mallakar fiye da hekta biyu ko uku ba, wannan ya yi kama da tatsuniya.

Mutum biyu daga ƙauyen Nebyliv, Ivan Pylypiw da Wasyl Eleniak, suka ce sai sun gani da idonsu. Sun sauka Kanada ranar 7 ga Satumba, 1891, kuma wannan rana ce lardin Alberta ke tunawa duk shekara a matsayin ranar al'adun 'yan Yukren. Pylypiw ya koma ɗauko iyalinsa, ya ba mutanen garinsu labarin abin da ya gani, hukuma ta kama shi ta ɗaure bisa zargin zuga jama'a su yi ƙaura. Hakan bai hana komai ba. Wasu iyalai daga ƙauyen sun riga shi tafiya a 1892, shi ma ya bi su a 1893. Gidan da ya zauna daga baya yana cikin ƙauyen tarihin, ana shiga. Eleniak kuwa ya yi tsawon rai, har yana cikin mutanen farko da aka miƙa wa takardar zama ɗan ƙasar Kanada a birnin Ottawa a watan Janairun 1947.

Abin da ya mayar da 'yar ƙoramar nan kogi shi ne wani malamin aikin gona na birnin Lviv, Dakta Joseph Oleskiw. Ya zo ya duba ƙasar a 1895, ya rubuta wa manoma ƙasidu yana ba su shawarar su nufi Kanada maimakon Burazil, inda da yawa suka je suka sha wuya. A ɓangaren Kanada kuma ministan cikin gida Clifford Sifton, wanda ya riƙe muƙamin daga 1896 zuwa 1905, yana neman manoma masu jure wahala da za su cika yammacin ƙasar. Daga 1891 zuwa 1914 mutum kusan 170,000 suka tsallako.

An ce sun ƙi fili mai kyau sun zaɓi daji. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma wannan na cikin abin da ya fi taɓa ni a tarihinsu. Akwai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa marar itace a kudu, wadda garma za ta shiga tun ranar farko. Da yawansu suka tsallake ta suka nemi inda ke da bishiyoyi. Wanda ya girma yana sayen kowane ƙiraren da zai hura wuta, in ya ga kurmi kyauta dukiya ya gani: ga itacen gini, ga na girki, ga na shinge. Sun kuma so su zauna kusa da 'yan'uwa da mutanen ƙauyensu, ko da ƙasar wurin ba ta kai ta wani wuri ba. Sakamakon haka shi ne shekaru na sassabe da gatari da tumɓuke kututture da hannu kafin gona ta zama gona.

Mene ne abu na farko da ya kamata baƙo ya gani?

Ni dai bukkar da suke kira burdei nake fara kai mutum. Wannan ba tsohon gini ba ne da aka ɗauko, sake gina ta aka yi yadda tsofaffi suka siffanta, domin irinta ba ta daɗewa. Rami ne ake haƙawa, a jingina sanduna daga gefe biyu su haɗu a sama, a rufe da ciyawa da ɓangorin ƙasa mai saiwa, a yaɓe ciki da laka. Sai ka sunkuya za ka shiga. Ciki duhu, warin danshin ƙasa, gadon sanduna a gefe, ɗan murhu, da adakar da aka taho da ita daga gida. Faɗinta bai wuce na ƙaramin shago ba.

A nan iyali guda, wani lokaci biyu, suke cinye hunturun farko, a ƙasar da sanyi kan kai maki 30 ko 40 ƙasa da sifiri. Sau da yawa maigidan ma ba ya nan. Ya tafi aikin layin dogo ko haƙar kwal ko ƙodago a gonar wani, don ya samo kuɗin saniya da garin alkama. Matar ce ke nan da yara, tana sara, tana shuka kabeji da dankali, tana haƙo saiwar wani tsiron magani ta kai kanti a musanya mata da gishiri. Wata 'yar'uwata da na kai wurin ta tsaya a bakin ƙofar ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ce, "Yaya, a nan ake haihuwa kuma?" A nan ake haihuwa.

Na fi ganin girman wannan gidan tarihi saboda bukkar nan. Mutane in sun yi arziki sukan so a manta da ramin da suka fito. Waɗannan sun haifi lauyoyi da likitoci, sun haifi gwamna-janar na ƙasar baki ɗaya, Ray Hnatyshyn, da firimiyan Alberta, Ed Stelmach, amma suka sake haƙa ramin don jikokinsu su shiga su gani.

Daga bukkar sai ina?

Sai gidan gungume. Ana jera gungumen itace a yi bango, a yaɓe shi ciki da waje da laka da aka kwaɓa da yankakkiyar ciyawa da kashin dabbobi, a shafe da farar ƙasa, a yi jinka da karan hatsi ko ciyawar fadama. Duk wanda ya taɓa taka ƙasar gini da ƙafa zai gane aikin da kallo ɗaya. Ƙofa da tagogi kudu suke kallo saboda rana. Yawanci ɗaki biyu ne. Ɗaya na zaman yau da kullum, inda babban tanderun laka da suke kira pich ya cinye kusan kwata na ɗakin. A cikinsa ake gasa burodi, a samansa yara da tsofaffi ke kwana don ɗumi. Ɗayan kuma na baƙi da bukukuwa ne, bangonsa na gabas ɗauke da hotunan addini da aka yafa wa tawul mai ado.

In ka bi gidajen a jere za ka ga yadda hali ke sauyawa. Jinka ta koma rufin katako, daɓe ya koma falanki, tanderu ya fita waje murhun ƙarfe ya shigo, har ka iso gida mai bene irin na maƙwabtansu Turawan Ingila.

Gine-ginen na asali ne?

Kusan duka. Daga garuruwa da gonakin gabashin tsakiyar Alberta aka ɗauko su, a ɗaga gini ɗungurungum a kan ƙarafa a ɗora a mota. Rumbun hatsin daga Bellis ya zo, otal ɗin daga Hilliard, kantin kayan ƙarfe daga Wostok, ɗaya daga cikin majami'un daga Vegreville. Kafin a gyara kowanne sai an bi iyalan da suka zauna cikinsa an ɗauki bayaninsu, an duba hotuna da takardu, sannan a zaɓi shekara guda a mayar da ginin yadda yake a wannan shekarar, har launin fenti da kayan da ke kan kanta.

Su waye mutanen da ke sanye da kayan da?

Ma'aikata ne, da yawansu ɗalibai, kuma kowanne yana wakiltar wani mutum na gaske da ya taɓa rayuwa a wannan gida ko ya yi aiki a wannan shago. Ba sa fita daga zamaninsu. In ka shiga gidan da aka tsayar a 1928, matar gidan 1928 take ciki: za ta tambaye ka daga wace gona kake, ta yi maka ƙorafin farashin alkama, in ka nuna mata waya ta kalle ta kamar ba ta san mece ce ba. Aikin ma na gaske ne. Ana ciyar da dawaki da kaji, ana nome lambu, ana hura wuta a maƙera. Yara sukan fi manya saurin shiga wasan.

Mene ne aikin dogon ginin katakon nan na bakin layin dogo?

Rumbun hatsi ne na kamfani, kuma nan gumin shekara ke zama kuɗi. Manomi ya shigo da keken doki cike da alkama, a auna a kan sikelin da ke ƙasa, a karkata keken hatsin ya zube cikin rami, a sake auna shi babu kaya. Inji ya ja wata ɗamara mai jerin ƙananan bokitai ta kwashi hatsin zuwa ƙololuwa, daga can a karkasa shi cikin rumbuna ko a zuba a tarago. Wakilin kamfani ne ke yanke darajar hatsin, darajar kuma ita ce farashi. Manomin da bai iya Turanci ba, bai iya karanta sikeli ba, yana hannun wannan mutum. Shi ya sa iyaye suka matsa wa 'ya'yansu su yi makaranta.

An karɓe su hannu bibbiyu?

A'a. Gwamnati na son ƙarfinsu, jama'a da yawa ba sa son ganinsu. Jaridu sun yi ta zagin rigunansu na fatar tumaki da warin tafarnuwa. Ko sunansu ba a daidaita ba: yau a ce musu 'yan Galisiya, gobe Ruteniyawa, jibi 'yan Ostiriya.

Wannan suna na ƙarshe ya jawo musu bala'i. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi a 1914, Kanada na ɓangaren Ingila, Ostiriya na ɓangaren Jamus, sai mutanen da suka gudo daga mulkin Ostiriya suka wayi gari ana kiransu baƙi maƙiya. An tsare mutum 8,579 a sansanoni 24 tsakanin 1914 da 1920, kimanin 5,000 daga cikinsu 'yan Yukren ne, yawanci leburori marasa aikin yi. An sa su aikin tilas na sara daji da gina hanyoyi, har a cikin gandun Banff da masu yawon buɗe ido ke tururuwa a yau. Wasu kusan 80,000 aka tilasta musu rajista da kai kansu wurin 'yan sanda a kai a kai, kuma dokar zaɓe ta 1917 ta ƙwace wa da yawa ƙuri'a. Tsofaffi sun yi shekaru ba sa ko zancen, saboda kunya da tsoro. Sai a 2005 majalisar ƙasar ta yi dokar amincewa da abin da ya faru, a 2008 aka ware dala miliyan 10 don tunawa da ilimantarwa.

Ƙasar da aka raba musu, ba ta da masu ita ne?

Tana da su. Yankin yana cikin yarjejeniya ta 6 da aka ƙulla a 1876 tsakanin masarautar Ingila da kabilar Cree da wasu 'yan asalin ƙasar, waɗanda aka tattara a keɓaɓɓun wurare bayan ɓaunar da suke rayuwa a kanta ta ƙare. Talakan da aka hana gona a Galisiya ya samu gona ne a inda aka tashi wani. Bai kamata mai ziyara ya fita daga wurin ba tare da wannan a ransa ba, kuma a ganina ya cancanci fili mai yawa a duk inda ake ba da labarin eka 160.

Mene ne labarin ƙwai masu zane da ake gani ko'ina?

Sunansa pysanka, daga kalmarsu ta rubutu, don su a wurinsu rubuta ƙwan ake yi. Ana yin sa gabanin bikin Ista. Akwai ɗan alƙalami mai mazurarin ƙarfe a baki, kistka. A ɗumama shi a harshen kyandir, a ɗebi kakin zuma, a ja layi a kan ɗanyen ƙwai. Duk inda kaki ya rufe zai zauna fari. A tsoma ƙwan cikin rini rawaya, a sake rufe inda ake so ya zauna rawaya, a tsoma cikin ja, a sake rufewa, a ƙare da baƙi. A wannan lokaci ƙwan ya zama dunƙulen baƙin kaki marar kyan gani. Sai a kara shi kusa da wuta ana gogewa da ƙyalle a hankali, zanen ya riƙa fitowa, taurari da zangarniyar alkama da barewa. Mai haƙuri ne kawai ke gama ɗaya bai fasa ba.

A zamanin Tarayyar Sobiyet an danne wannan sana'a a gida saboda alaƙarta da addini, ta ja baya ƙwarai a yankuna da yawa. Matan da ke Kanada da Amurka suka ci gaba da koya wa 'ya'yansu, suka adana tsofaffin zane-zane. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa pysanka cikin jerin al'adun duniya. In ka ci gaba da tafiya gabas a kan hanyar nan zuwa Vegreville za ka tarar da wani ƙaton ƙwai na ƙarfen alminiyam da aka kafa a 1975, tsayinsa daga ƙasa kimanin mita 9, yana juyawa da iska.

Me ya sa labarin ya tsaya a 1930?

A nan zamanin sassabe ya ƙare. Tattalin arzikin duniya ya karye, Kanada ta rufe ƙofa ga baƙi. Amma zuwan bai ƙare ba. Bayan kimanin 68,000 da suka zo tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, wasu sama da 30,000 sun iso daga sansanonin 'yan gudun hijira na Turai bayan 1947, wasu bayan Yukren ta samu 'yanci a 1991, sannan kusan 300,000 tun daga 2022. Yau sama da mutum miliyan ɗaya a Kanada ke danganta kansu da Yukren. A Edmonton aka kafa dutsen tunawa da yunwar Holodomor da aka yi a Yukren daga 1932 zuwa 1933 tun a 1983, lokacin da a can gida ba a isa a ambace ta ba.

Akwai wasu gidajen tarihi irinsa?

Akwai. Na Saskatoon ƙungiyar mata ce ta kafa shi a 1936, akwai Oseredok a Winnipeg tun 1944, na Chicago da na Cleveland duka 1952, na New York kuma 1976, shi ma aikin mata ne. Waɗannan sun fi ƙarfi a tufafi masu ado, zane-zane, littattafai da takardu. Darajarsu ta ƙaru tun da yaƙi ya fara cin gidajen tarihi a can: na Ivankiv ya ƙone a farkon mamayar, na Kherson kuma an kwashe kayansa a ƙarshen 2022.

Musulmi zai iya cin abincin wurin?

Da tambaya. Akwai pyrohy, ƙullin fulawa da ake cusa wa dankali da cuku, da holubtsi, shinkafa a naɗe cikin ganyen kabeji, da miyar borshch mai ja. Tsiran da suke kira kovbasa galibi na alade ne, kuma akan barbaɗa soyayyen naman alade a kan pyrohy ko a dafa miyar da romonsa. Ni nakan tafi da guzurina, in sayi shayi.

Mun ji an yi gobara. Yaushe ake buɗewa?

A al'ada ana buɗewa daga tsakiyar watan Mayu zuwa farkon Satumba. A watan Afrilun 2025 wutar daji ta taso daga busasshiyar ciyawa, iska ta kora ta cikin harabar, ta cinye gine-ginen karɓar baƙi da abin da ke cikinsu. Hakan ya sa ba a buɗe ba a wannan shekarar. Tsofaffin gidajen da majami'u da rumbun hatsin sun tsira. Mai niyyar zuwa ya fara tuntuɓar hukumar wurin kafin ya kama hanya, ya ware aƙalla awa uku, ya sa takalmin da zai iya tafiya da shi a kan tsakuwa, ya kuma riƙe maganin sauro, domin akwai tabki a gefen ƙauyen.